Muhawarar Masu Neman Mataimakin Shugaban Ƙasa ta 2018: Yadda Jama'ar Suleja Suka Karɓe Ta

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Gaskiyar wannan karin magana takan fito fili a dandalin muhawarar siyasa, inda ɗan takara zai furta kalma guda a gaban na'urar ɗaukar hoto, jama'a kuma su yi ta juya ta har bayan zaɓe. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan muhawarar masu neman kujerar mataimakin shugaban ƙasa da aka gudanar a Abuja ranar Juma'a, 14 ga Disamba, 2018, tare da duba yadda jama'a suka karɓe ta, musamman a garinmu Suleja ta Jihar Neja. Batun ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye, domin da Ingilishi aka yi muhawarar, amma da Hausa aka yi mafi yawan sharhinta a kasuwanni da tashoshin mota da teburan masu shayi. Ni kaina da harshen Gwari na buɗe baki, Hausa kuwa a unguwa na tsince ta kafin in zo nazarinta a jami'a, don haka na saba lura da abin da kan faru ga magana idan ta tsallaka daga wani harshe zuwa wani.

Ma'anar Muhawara

Kalmar muhawara, ko mahawara kamar yadda wasu ke furtawa, ararriya ce daga Larabci, kuma asalinta yana nufin musayar zance tsakanin mutum biyu ko fiye. Hausa tana da wasu kalmomi makusantanta da ya kamata ɗalibi ya bambance. Musu shi ne ƙin yarda da abin da wani ya faɗa. Gardama ita ce ja-in-ja da kan zo da taurin kai. Cacar baki kuwa ta kusa da faɗa, domin zafin rai ya riga ya shigo. Abin da ya raba muhawara da waɗannan shi ne tsari: akwai batun da aka tsayar, akwai alƙalin da ke raba lokaci, akwai kuma masu sauraro waɗanda su ne ake son a gamsar. Wannan bambanci yana da amfani, domin za mu ga cewa wasu masu sauraro da ma'aunin gardama suka auna muhawarar, wato wa ya rufe bakin wa.

Taƙaitaccen Tarihi

Muhawarar 'yan takara a talabijin ta yi suna ne daga Amurka, inda Kennedy da Nixon suka kara a 1960. Ta masu neman mataimaki kuwa sai a 1976 aka fara ta, tsakanin Walter Mondale da Bob Dole. A Nijeriya, har yanzu manya na tuna karawar Alhaji M.K.O. Abiola da Alhaji Bashir Tofa a gidan talabijin na NTA gabanin zaɓen 12 ga Yuni, 1993. A watan Maris na 2011 ma gidan talabijin na NN24 ya shirya wa masu neman mataimaki tasu, inda Tunde Bakare na CPC da Fola Adeola na ACN da John Odigie-Oyegun na ANPP suka halarta, Namadi Sambo na PDP kuwa bai zo ba.

Ta 2018 ƙungiyar shirya muhawarar zaɓe ta NEDG ce ta shirya ta da haɗin gwiwar ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta BON, a otal ɗin Transcorp Hilton. Jam'iyyu 5 kacal aka gayyata, alhali 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne suka shiga zaɓen 2019. Waɗanda suka tsaya a dandalin su ne Farfesa Yemi Osinbajo na APC, da Peter Obi na PDP, da Ganiyu Galadima na ACPN, da Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN, da Umma Getso ta YPP. Magoya bayan Omoyele Sowore na AAC sun yi zanga-zanga a kan barin jam'iyyarsu a waje.

Abin da Aka Tattauna

Tattalin arziki ne ya mamaye zaman. Wuri biyu ne suka fi tsaya wa mutane a rai. Na farko shi ne misalin shago. Peter Obi ya nuna cewa yaƙi da rashawa ba ya zama tsarin tattalin arziki, kuma mutum ba zai kulle shagonsa ya tafi bin ɓarayi ba. Osinbajo ya mayar masa da cewa idan aka bar ɓarayi suka kwashe kayan shagon kaf, to, babu sauran shagon da za a buɗe. Na biyu shi ne tallafin man fetur. A lokacin ana sayar da lita a kan naira 145. Obi ya ce tallafin asara ce da ke rufa wa rashin iya aiki asiri, Osinbajo kuwa ya yi kashedin cewa cire shi farat ɗaya zai ɗaga farashi ya ƙuntata wa talaka.

Yadda Jama'a Suka Karɓe Ta

Suleja gari ne da ya dace da irin wannan nazari. Shi ne ainihin Abuja ta da, kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan, garin kuma ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Hausawa da Gwarawa da Koro da Nufawa da Yarabawa da Ibo duk suna zaune a cikinsa, ma'aikatan Abuja da yawa kuma a nan suke kwana. Hausa ce ke haɗa mafi yawansu a kasuwa. Daga abin da na ji a majalisun unguwarmu da kasuwar IBB da cikin motocin haya na hanyar Madalla a kwanakin da suka biyo baya, zan iya kasa masu sharhin kashi 5.

Kashi na farko su ne 'yan ga-ni-kashe-nin jam'iyya. Su dai tun kafin a kunna talabijin sun san wanda ya yi nasara. Ɗan APC zai ce Farfesa ya koyar da darasi, ɗan PDP zai ce Obi ya binne shi da lissafi. So hana ganin laifi ke nan.

Kashi na biyu su ne 'yan kasuwa, waɗanda misalin shago ya shiga jikinsu. Na ji wani mai sayar da atamfa yana cewa duk wanda ya taɓa barin yaron shago marar amana ya san Osinbajo ya faɗi gaskiya. Maƙwabcinsa mai kayan gyaran mota ya amsa masa da cewa, “Alhaji, ai mai shago na ƙwarai gadi yake ɗauka, ba ya rufe ƙofa ranar kasuwa.” Abin lura a nan shi ne, dukansu biyu sun tattauna manufar gwamnati a tsanake, kuma misalin ne ya ba su ƙofar shiga.

Kashi na uku su ne masu bin diddigin alƙaluma, galibi malaman makaranta da ɗalibai da ma'aikata. Obi ya yi ta jero lambobi yana kwatanta Nijeriya da ƙasar Sin. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin alamar sani. Sai dai 'yan jarida masu tantance magana sun gano cewa ba duka lambobin ne suka tsaya da ƙafarsu ba. Alal misali, ya ce motocin Nijeriya miliyan 2 ne, alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna sun haura miliyan 11 a wannan shekara. An tantance maganganun Osinbajo su ma. Darasin wannan kashi shi ne, lamba takan yi kwarjini a kunne ko da ba daidai take ba.

Kashi na huɗu su ne mata da matasa. Ganin mata biyu 'yan Arewa a dandalin, Umma Getso daga Kano da Khadijah Abdullahi-Iya 'yar Jiharmu ta Neja, ya faranta wa da yawa rai, musamman da yake a watan Mayun shekarar ne aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Akwai masu sukar cewa ba su yi shiri sosai ba, akwai kuma masu cewa tsayuwar kanta nasara ce. Khadijah ta sake fitowa takarar gwamnan Neja a 2023 a ƙarƙashin APGA.

Kashi na biyar su ne masu ganin duk ɓata lokaci ne, domin a ganinsu mataimaki tayar ajiya ce ta bayan mota. Tarihi bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Sashe na 146 na tsarin mulkin 1999 ya ce mataimaki ne zai gaji shugaba idan ya rasu ko ya sauka, kuma haka aka yi bayan rasuwar Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu, 2010, lokacin da Goodluck Jonathan ya hau. Osinbajo kansa ya riƙe ƙasar na watanni a 2017 sa'ad da Shugaba Buhari ke jinya a Landan. Bugu da ƙari, mataimaki ne ke shugabantar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke zama a cikinta.

Rawar da Harshe Ya Taka

A nan ne batun ya fi shafar mu. Mutane da yawa a Suleja ba su ji muhawarar daga bakin masu ita ba. Sun ji ta ne daga labaran Hausa na rediyo, ko daga wani ɗan boko da ya zama tafinta a majalisa. Tafinta kuwa zaɓe yake yi: abin da ya fassaru cikin sauƙi shi ke isa kunnen jama'a. Misalin shago ya yaɗu ne domin shago da ɓarawo da kulle ƙofa duk abubuwa ne da Bahaushe ya sani, kuma siffar maganar ta yi kama da karin magana. Bayanan bashin ƙasa da tiriliyoyin naira kuwa a hanya suka zube, domin “kashi kaza cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa” dogon zance ne da ba ya zama a ka.

Haka kuma, kalmar da aka zaɓa takan ɗauki ɓangare ba tare da mai fassara ya nufa ba. Dubi kalmar tallafi. A Hausa, tallafi shi ne tare wanda zai faɗi, ko agaza wa maraya da gajiyayye. Da zarar an ce wane yana son a cire tallafi, mai sauraro ya riga ya ji rashin tausayi tun kafin a kawo hujja. Da an saba cewa rangwamen farashi, ko cikon kuɗin da gwamnati ke biyan dillalan mai, da hoton da ke zuwa zuciya ya sha bamban. Haka nan cin hanci da rashawa: a kunnen mutane da yawa abin da ake miƙa wa ma'aikaci ne a ɓoye. Wawure dukiyar gwamnati kuwa yana da nasa kalmomin, irin su almundahana da handama da babakere da sama da faɗi, kowace da nauyinta.

Akwai kuma ma'aunin al'ada. Dattawa da dama sun yaba wa duk ɗan takarar da ya yi magana a natse bai katse abokin karawarsa ba, domin kawaici da kamun kai suna cikin siffofin shugaba a wurinsu. Matasa kuwa suka fi son mai zafin martani. Ko fi'ilin da ake amfani da shi ya nuna haka: wanda ya ce “ya kayar da shi” kokawa yake gani, wanda ya ce “ya gamsar” kuwa hujja yake aunawa.

Shin Muhawara Tana Sauya Ƙuri'a?

Sakamakon zaɓe bai nuna haka a fili ba. Ranar 19 ga Janairu, 2019, aka yi ta masu neman shugabancin, amma Buhari bai zo ba, Atiku Abubakar kuma ya iso otal ɗin ya ƙi hawa dandali saboda rashin Buhari. Duk da haka su biyun ne suka kwashe ƙuri'un ranar 23 ga Fabrairu: Buhari sama da miliyan 15, Atiku sama da miliyan 11. A Jihar Neja Buhari ne ya yi rinjaye da tazara mai faɗi. Kingsley Moghalu da Fela Durotoye da suka halarci muhawarar kuwa babu wanda ya kai ƙuri'a 25,000 a cikinsu. A Amurka ma an yarda cewa Lloyd Bentsen ya fi Dan Quayle a 1988, amma tikitin Quayle ne ya ci zaɓe.

Amfanin muhawara yana wani wurin. Tana ajiye maganar ɗan siyasa a inda za a iya komawa gare ta. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, sai tsohuwar gardamar 2018 ta dawo sabuwa, kowane ɓangare na cewa ai mutuminsa ya faɗa. Tana kuma fito da mutum fili, domin Peter Obi da ya tsaya a matsayin mataimaki a 2018 shi ne ya nemi shugabancin a 2023.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana ma'anar muhawara da tarihinta, ta kawo abin da aka tattauna a 2018, ta kasa masu sharhi kashi 5, sannan ta nuna yadda fassara ta tace abin da ya isa ga jama'a. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai jefa ƙuri'a ya cancanci ya ji ɗan takara da harshen da yake fahimta. Sashen Hausa na BBC ya nuna hakan mai yiwuwa ne da ya shirya wa masu neman gwamna muhawara da Hausa a wasu jihohi a 2019, ciki har da Kano. Sashe na 55 na tsarin mulki ma ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci a cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi. Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu mai da hankali ga darussan fassara, mu kuma fara tattara kalmomin tattalin arziki da na mulki muna auna nauyin kowace tun zaɓe bai matso ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.