Labarin Jirgin Ƙasa na Birnin Doha a Kwanakin Gasar Ƙwallo

Duk wanda ya taɓa saukar da baƙi ya sani ba tuwo ne kaɗai wahala ba, har da hanyar da za su bi su shigo su fita lafiya. Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci ƙasar Katar tun ran da aka ba ta riƙon gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, cikin shekarar 2010. Ƙasa ce ƙarama, mutanenta duka da baƙin da ke aiki cikinta a lokacin ba su wuce miliyan 3 ba, ga kuma 'yan kallo fiye da miliyan guda za su auko mata cikin wata ɗaya.

An yi gasar daga 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba, 2022. Ƙasashe 32 suka kara, wasa 64, a filaye 8. A sauran gasa akan rarraba filayen cikin birane masu nisa da juna, amma a nan duk suna Doha da kewayenta, har a farkon gasar akan yi wasa huɗu a yini guda. Da kowa ya fito da motarsa, lalle da babu wanda zai isa fili kafin a tashi.

Saboda haka hukuma ta haƙa hanyar jirgi, mafi yawanta ƙarƙashin ƙasa, aka buɗe ta cikin 2019. Layi uku ne, ja da kore da mai ruwan zinariya, tsawonsu kilomita 76, tashoshi 37, duka ukun kuwa suna haɗuwa a tashar Mushairib. Jirgin ba shi da direba, na'ura ce ke tuƙa shi. Alhazan da suka hau jirgin da ke kai mutane tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa sun san irin wannan dabara, wato a kwashe taro mai yawa zuwa wuri ɗaya cikin sa'o'i kaɗan.

Abin da ya fi jirgin kansa muhimmanci shi ne katin da aka kira Hayya. A kwanakin gasar, da shi ne baƙi 'yan kallo suka riƙa shiga ƙasar, kuma mai riƙe da shi ba ya biyan ko anini a jirgi ko a motar safa. Hikimar a fili take: mutum in an ce kyauta ne, ba ya tsayawa ciniki da mai tasi, ba ya kuma tare ƙofa yana neman canji. A kwanakin gasar jirgi ya riƙa aiki har ƙarfe 3 na dare. Filaye 5 daga tasha da ƙafa ake isa gare su. Sauran ukun, Albait da Assumama da Aljanub, sai an sauka an shiga safa. An kuma rufe makarantu, aka ce yawancin ma'aikatan gwamnati su yi aiki daga gida, don hanya ta sarara. Da aka ƙare, hukumar jirgin ta ce ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 17.

'Yan kasuwa ma sun sami rabonsu, gama tsohuwar kasuwar Waƙif tana da tasha tata, kullum dare a cike take da Larabawa da mutanen Ajantina da na Maroko. A bakin wannan tasha ne wani saurayi ɗan Kenya ya yi suna, yana zaune bisa doguwar kujera da bututun magana yana nuna wa mutane hanyar jirgi, har taro suka riƙa amsa masa kamar amshin waƙa.

Sai dai ba a ambaci wannan aiki ba tare da leburorin da suka yi shi ba. Mutanen Indiya ne da Nepal da Bangaladash da wasu ƙasashen Afirka, waɗanda suka yi gini cikin zafi mai tsanani. An yi ta ƙara kan riƙe musu lada da kan waɗanda suka mutu, har Katar ta gyara dokar aiki cikin 2020, ta sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata. Da yawa daga cikinsu sun riga sun koma gida kafin a buga wasan farko.