Akwatin sauya amon gita: yadda ake haɗa shi a gida

Ɗan akwati ne da makaɗin gita ke takawa da ƙafa, sai amon ya yi kauri har da gurnani. Masu sha'awar haɗa nasu da hannu sukan fara da kwaikwayon Fuzz Face, wanda kamfanin Arbiter ya fitar a Ingila a 1966, Jimi Hendrix kuma ya ɗaga sunansa. Tiransisto biyu ne kacal a ciki, da batir mai bolt 9, shi ya sa liƙa wayoyin da dalma ba ya cin lokaci.

Akwatin alminiyon ne ke neman haƙuri. Za a huda shi, a goge da sanfefa, a riƙa fesa fenti kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Fentin gaggawa ba ya jure takun takalmi.