Warin Sabbin Kayan Ɗaki: Abin da Turaren Wuta Ba Ya Korewa

Da zarar bukukuwa sun kankama, musamman bayan Sallah da ƙarshen shekara, wata magana kan sake tasowa a zaurukan WhatsApp na mata. Wai katakon MDF da ake haɗa gado da sif da durowar kicin da shi, da ruwan gawa ake kwaɓa shi. Wai Turawa sun haramta shi a ƙasashensu, shi ya sa aka juye mana. Wai duk amaryar da aka yi wa jere da shi, ciwon daji na jiran ta. Sai kuma masu ƙaryatawa su taso, su ce duk tsurku ne, warin sabon abu ne kawai, a turara ɗakin kwana biyu a wuce wurin. Na farko sun zuzuta. Na biyun kuwa su ne suka fi ba ni takaici, domin shawararsu ce ake bi a mafi yawan gidaje.

Maganar haramci dai ba ta da tushe. A Amurka aka fara sarrafa MDF don kasuwa a shekarun 1960, kuma har gobe ana yin sa a can, ana sayar da shi. Kamfanin IKEA na Suwidin, wanda ya cika gidajen Turai da kayan ɗaki masu sauƙin kuɗi, galibin kayansa da irin waɗannan allunan na garin katako yake yin su. Abin da waɗannan ƙasashe suka yi shi ne sanya iyaka ga yawan iskar fomaldehaid da allon zai riƙa fitarwa. Jihar Kalifoniya ta fara aiwatar da nata ƙa'idojin a 2009. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar tarayya, wadda a ƙarƙashinta aka ƙayyade cewa MDF kada ya wuce kashi 0.11 cikin miliyan a ɗakin gwaji. Turai ta daɗe da matakin da ake kira E1, kuma a 2023 Tarayyar Turai ta amince da sabuwar iyaka, miligiram 0.062 a kowace kubik mita ta iska, rabin ta da ke nan, daga watan Agustan 2026. Wanda ya ce an haramta bai karanta ba. Amma wanda ya ce babu komai, sai ya gaya mana dalilin da ya sa manyan ƙasashe suke ta rage lamba.

Batun ruwan gawa kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ana yin MDF ne da katakon da aka niƙe ya koma zare-zare, a gauraya shi da gam, a danne da injin mai zafi har ya zama allo mai santsi. Wannan gam ɗin, mafi arha kuma mafi yawa a kasuwar duniya, haɗin yuriya ne da fomaldehaid. Fomaldehaid iska ce mai yaji a hanci da ido, kuma idan aka narka ta cikin ruwa ita ce fomalin da ake adana gawa da shi a asibitocin koyarwa. Suna ɗaya, amma yawa ya sha bamban. Fomalin kusan kashi 37 cikin 100 ne. Abin da ke fita daga sif ana auna shi ne da kashi cikin miliyan. Kuma wannan sinadari ba baƙo ba ne: yana cikin itace na gaske, yana cikin hayaƙin murhu da na taba, jikin ɗan'adam ma yana samar da ɗan kaɗan a kullum ya kuma narkar da shi.

Ciwon dajin fa? A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa fomaldehaid a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga mutum, musamman dajin da ke kama bayan hanci. Daga baya ta ƙara da dajin jini. Amma hujjar ta fito ne daga ma'aikatan masana'antu da masu gyaran gawa, mutanen da suka shafe shekaru suna shaƙar iskar da yawa a wurin aiki. Abin da mai sabon ɗaki zai fi gamuwa da shi ya fi wannan kusa: ido na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, tari da daddare, ciwon kai da safe, mai asma kuma ta tashi. Amarya na sharar hawaye a makon farko a ce kewar gida ce. Wataƙila kewar ce, wataƙila kuma sif ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2010, ta ce kada iskar ɗaki ta wuce miligiram 0.1 a kubik mita, kuma ta zaɓi wannan lamba ce don kare ido da hanci, tana mai cewa wanda ya tsaya ƙasa da ita ya tsira daga babban haɗarin ma.

Ga inda mutane ke ɓata lissafi. Suna ɗaukar warin kamar ƙura ce da ta zauna a kan kaya, a share sau ɗaya a huta. Ba haka abin yake ba. Allon yana fitar da iskar ne a hankali, dare da rana, da ƙarfi a makonnin farko, sannan ya riƙa raguwa cikin watanni. Ka ɗauki tsakar gida da damina. Ruwa na sauka, rariya na fitarwa. Idan rariya a buɗe take, ko an yi kamar da bakin ƙwarya, kafin a jima ƙasa ta tsane. Idan aka toshe ta, yayyafi ma ya isa ya kai ruwa har bakin ƙofa. Zurfin ruwan bai rataya ga sama kaɗai ba, ya rataya ga mafita. Allon shi ne sama, taga ita ce rariya. Gado iri ɗaya, daga shago ɗaya, a ɗaki mai tagogi biyu masu kallon juna ba zai dami kowa ba, a ɗakin da aka rufe ruf kuma zai hana barci.

To mu kuwa mun haɗa abu biyu: mun ƙara ruwan sama, mun toshe rariya. Ɗakin amaryar da, gadon ƙarfe ne da jeren kwanoni da fanteka, ba abin da ke fitar da wata iska. Na yau, gado ne mai allon kai har kusa da silin, sif mai ƙofa shida daga bango zuwa bango, madubi da durowarsa, teburin talabijin, bangon ado, ga kicin an zagaye shi da durowa sama da ƙasa. Duka allo ne, duka sababbi, duka a rana ɗaya. Sannan ginin zamani ya zo da nasa. Tagar alminiyom mai zamewa, komai ƙoƙarinka rabinta kawai za ta buɗe. An sa mata raga saboda sauro, an saki labule ninki biyu mai nauyi saboda ado da idon maƙwabta. An sauko da silin an yi masa ado da fitilu, iskar ɗakin ta ƙara raguwa. Wanda ya sa na'urar sanyaya ɗaki yana jin ya gama, alhali irin wadda ake maƙalawa a bango ba ta shigo da iskar waje ko kaɗan, ta cikin ɗakin take juyawa tana sanyayawa.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Gam ɗin yuriya yana saurin sakin iskarsa idan zafi ya ƙaru, haka kuma idan laima ta yi yawa, domin danshi na warware haɗin sinadarin. Lambobin da Turawa ke bugawa a jikin allo an auna su ne a ɗakin gwaji mai maki 23 zuwa 25 na zafi. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu na kai maki 40 a inuwa, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuma aka ɗauke wuta ba sai an faɗa ba. Agusta ta zo da laima. Hunturu ya zo, kowa ya rufe taga saboda ƙura da sanyi. Amurkawa sun ga irin wannan da idonsu. Bayan guguwar Katrina ta 2005, gwamnati ta raba wa waɗanda suka rasa muhalli ƙananan gidajen tafi-da-gidanka, cike da allunan garin katako. Mutane suka yi ta kukan tari da haɓo. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta auna 519 daga cikinsu a ƙarshen 2007 da farkon 2008, ta tarar da matsakaicin fomaldehaid ya kai kusan ninki biyar na gidajen da aka saba, ta kuma yi gargaɗin cewa da sanyi aka auna, da zafi zai fi haka.

Yanzu a dubi yadda muke jere. Ana kai kaya saura kwana ɗaya ko biyu a kai amarya, wani lokaci kafinta na ɗaure ƙusar ƙarshe 'yan jere na shimfiɗa zanen gado. Da an gama sai a kunna kasko, a zuba turaren wuta, a ja labule, a kulle ƙofa don ƙamshi ya kama ɗaki. Wato a daidai kwanakin da allon ya fi fitar da iska, a nan ne muke rufe kowace kafa. Turare ba ya cinye fomaldehaid. Hanci kawai yake ruɗa. Abin da ya fi muni, duk abin da ke ci da wuta yana hayaƙi, turare ko garwashi, shi ma yana fitar da nasa fomaldehaid ɗin, haɗe da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ke shiga huhu. Ba ina cewa a bar turare ba, wannan faɗa ne da ba mai cin sa a ƙasar Hausa. A dai daina kiran sa magani.

Haka masu yanka albasa ko lemon tsami su ajiye a cikin sif. Haka 'yan boko masu sayen tukunyar fure su ce hukumar NASA ta tabbatar tsirrai na tace iska. Binciken da NASA ta yi a 1989, an yi shi ne a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. Da masana a Jami'ar Drexel suka sake bitar irin waɗannan gwaje-gwaje a 2019, sun lissafa cewa sai an sa tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi wa gini. Kuma hanci ba ma'auni ba ne. Warin da ya fi bugun mutum a sabon ɗaki sau da yawa na fenti ne da tina da gam ɗin manna fata, waɗanda kan tafi da wuri. Hanci kuma yana sabawa. Baƙo ya shigo ya yamutsa fuska, masu gida su ce su ba su jin komai.

Japan ta sha wannan matsala har ta zama abin magana a ƙasa, ta kuma gyara dokar gini a 2003: aka rarraba allo mataki-mataki da alamar taurari, aka taƙaita yawan wanda za a sa a ɗaki gwargwadon matakinsa, aka wajabta na'urar sauya iska a sababbin gidaje. Mu a nan, gwamnati ta san da zaman waɗannan alluna sarai. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa su, tare da kayan ɗaki, a jerin kaya 41 da aka hana wa dalar gwamnati, har zuwa Oktoban 2023 da aka ɗage. An yi ta muhawara a kan dala. Ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya da shirinta na tantance kayan da ake shigowa da su, amma je ka kasuwar katako ka saurari ciniki. Kauri nawa ne, wane launi, MDF ne ko HDF, na China ne ko na Turkiyya. Ka tambayi mai shago ko allon E1 ne, ya dube ka ya ce, "Alhaji, wannan ai mai kyau ne, ba ya jin ruwa." Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa mayar masa da kaya saboda rashin wannan tambarin.

Abin yi ba shi da tsada. A karɓi kaya da wuri, ko da mako biyu ne kafin biki, a bar ƙofofin sif da durowa a buɗe, taga a buɗe, fanka na korar iska waje. A duba gefen allo. Fuskar da aka lulluɓe da leda mai ƙyalli tana riƙe iskar sosai, inda take fita shi ne bakin da zarto ya yanka, da bayan sif, da ƙarƙashin durowa, wuraren da kafinta ke barin su tsirara saboda ba a gani. A ce ya rufe su da tef ɗin gefe ko ya shafa fenti. A daina malala ruwa a ƙasan sif wurin goge ɗaki, domin allon da ya sha ruwa ya kumbura ya lalace, ya kuma ƙara sakin iska. Jariri da mai asma kada su zama na farkon kwana a ɗakin. Wanda ke da halin katako na gaske ya saya, amma shi ma idan an fesa masa fenti yana buƙatar shan iska.

Akwai kuma wanda saƙonnin WhatsApp ba su taɓa ambata ba. Leƙa rumfar kafinta lokacin da injin ke yanka MDF. Garin da ke tashi ba irin dusar katako ba ne mai faɗuwa ƙasa, laushi gare shi kamar fulawa, yana rataye a iska, ya sauka a gira da gashin baki. Yaron shago, wani bai kai shekara 15 ba, shi ke riƙe ƙarshen allon, fuskarsa dab da zarto, ba abin da ya rufe hancinsa sai wuyan riga idan ya tuna. Ita wannan cibiya ta Liyon ta sa ƙurar katako kanta a rukunin farko tun 1995, saboda dajin kogon hanci da aka yi ta gani a jikin masu haɗa kayan ɗaki. Amarya za ta shaƙi ɗan abin da ya rage na wasu watanni, kullum yana raguwa. Shi kuwa sabon allo yake yankawa kowace safiya, ƙura da gam a haɗe, shekara da shekaru. Takunkumin da ke tare irin wannan ƙura, mai lamba N95 ko FFP2, ana samun sa a shagunan magani da na kayan aiki.