Ƙarfafa Karan Dashen Tumatir Kafin a Kai Shi Gona

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa, tumatir kuwa yana cikin manyan abubuwan da a ke shukawa. Amma kowace shekara akwai manomin da zai dasa iri da yamma, bayan kwana biyu ya tarar rabinsa ya kwanta. Sau da yawa laifin ba na irin ba ne, na raino ne.

Ga dalili. Irin da ya tashi a ƙarƙashin rumfa, ko cikin tire a ɗakin raga ko na leda, bai san rana ba, bai san iska ba. Sai ya yi ta miƙewa yana neman haske, kara siriri, ganye laushi. Ranar da ya gamu da iskar hunturu sai ya karye ko ya bushe. Tsiron da iska ke kaɗawa kuwa yakan rage tsawo ya ƙara kauri. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka, in ya rage kwana 7 zuwa 10 a yi dashe, sai a soma horon iri. A buɗe rumfa da safe na ɗan lokaci, kullum ana ƙarawa, har ya iya wuni a rana. A rage ban ruwa kaɗan kaɗan, amma fa kada a bari ya yi yaushi ya kwanta. A dakatar da takin yuriya, gama shi ke sa tsawo marar ƙarfi. Inda iri ya cunkushe a tsuge shi, don kowane ya sami haske.

Wanda irinsa ke cikin ɗaki inda iska ba ta shiga, sai ya sami sanda mai santsi ya riƙa shafa kan tsiron a hankali, kamar sau goma zuwa ashirin kowace rana. A yi haka bayan raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙen ganye yakan ɗauki cuta daga wannan zuwa wancan. Mai shan taba lalle ya wanke hannu da sabulu tukuna, akwai cutar taba da ke kama tumatir.

Iri ya isa dashe in ya yi kamar mako 4, da ganye 4 zuwa 6, tsawo inci 5 ko 6, kara mai kauri. A shayar da shi kafin a cire, don saiwa ta fito da ƙasarta. A dasa da la'asar, a nitsa karan ƙasa kaɗan, gama karan tumatir yana fitar da sabuwar saiwa, a ba shi ruwa nan da nan.

Irin zamani yana da tsada. Wanda ya yi cike sau biyu ya biya kuɗin iri sau biyu, kuma kwandunansa za su isa Kwanar Gafan bayan kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Allah ya ba da rani mai albarka, amin.