Hujin da ya ƙi rufewa

Mai karatu, ka taɓa ganin yarinyar da aka huda wa kunne, zaren ya faɗi tun hujin yana ɗanye? Kwana kaɗan nama ya haɗe, sai an sake hudawa. Amma kakarta, ko ta shekara goma ba ɗan kunne, hujinta na nan, don fata ta riga ta lulluɓe cikinsa ta maishe shi hanya. To, da a tumbinka irin wannan huji ya warke a buɗe fa?

Ranar 6 ga Yuni, 1822, a tsibirin Mackinac da ke arewacin Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure a kantin wani kamfanin fatu. Ta sami wani saurayi ɗan Kanada, Alexis St. Martin, mai tuƙa wa fatake kwalekwale, a ƙasan nonon hagu. Haƙarƙari ya karye, huhu ya leƙo, abin da ya karya kumallo da shi yana zubowa ta raunin. Likitan sojan da aka kira, William Beaumont, ya ɗaure wurin, ya ce da wuya yaron ya kai awa 36. Ashe da sauran shan ruwansa.

Ya warke, amma warkewa irin wadda ba a saba gani ba. Bakin tumbin da ya yage ya manne da bakin fatar waje, suka haɗe, suka bar ƙofar da yatsa ke shiga. Daga baya wata tsoka ta sauko daga ciki ta zama marfi, in an tura ta buɗe. Beaumont ya rubuta cewa ya yi iya ƙoƙarinsa ya rufe ƙofar, ta gagara. Akwai masu tarihin da har yau ba su gamsu da wannan magana ba.

Hukumar garin ta gaji da ciyar da majinyaci, ta ce a sa shi a jirgin ruwa a mai da shi ƙasarsu. Likita ya ga tafiyar za ta kashe shi, ya ɗauke shi zuwa gidansa ya yi jinyarsa. Alheri ne, ba na musu. Sai dai da ya murmure ya zama bara mai faskare, maigida kuwa ya gane abin da ke hannunsa: tumbin mutum mai rai, ana leƙawa. Da kai ne likitan, za ka kau da kai?

A 1825 Beaumont ya fara gwaji. Ya ɗaura yankan nama da burodi da kabeji a zaren siliki, ya zura ta hujin, yana jawowa lokaci zuwa lokaci ya ga yadda suka narke. Ya ɗebo ruwan tumbin a kwalba ya jefa nama, naman ya narke ba tauna ba niƙa. Ya lura ko fushi Alexis ya yi, narkewar abinci na ja baya. Dalilin fushi kuwa bai yi masa ƙaranci ba: a hana shi ci, a kwantar da shi awoyi, ciwon kai da jiri su biyo baya. A shekarar ya gudu Kanada, ya yi aure, ya haihu. Talauci ya dawo da shi a 1829. A 1832 aka ba shi takardar yarjejeniya ya sa hannu, shi da bai iya karatu ba. Wannan wurin ne yake ci mini rai. Ka ga a ce yarda ce?

Gwaji 238 Beaumont ya tara a littafin da ya fitar a 1833, kuma har gobe masu karatun likita na jin sunansa. Ba da jimawa ba Alexis ya koma gida. Wasiƙa da tayin kuɗi suka yi ta binsa, bai dawo ba.

Wa kake zaton ya riga mutuwa? Likitan ne, a 1853, bayan santsin ƙanƙara ya kwashe shi a matakala. Mai hujin ya kai 1880, shekara 58 bayan harbin, ƙofar tana nan a buɗe. Ko a lokacin likitoci ba su haƙura ba: shahararren likita William Osler ya nemi tumbin don a ajiye a gidan tarihi. Iyalin suka ƙi. Suka bar gawar mahaifinsu kwanaki a cikin zafi har ta fara ruɓewa, sannan suka haƙa kabari mai zurfin gaske suka binne shi ba alama, don kada wani ya tono. Da mahaifinka ne, mai karatu, za ka iya?