Fadar Maisur, Gidan Sarautar da Gobara Ta Haifa

A shekarar 1897 ana tsakiyar bikin auren wata gimbiya a birnin Maisur da ke kudancin Indiya, sai wuta ta kama fadar sarki. Ginin katako ne, kafin a yi wani yunƙuri ya zama toka. Sarki Krishnaraja Wadiyar na huɗu yaro ne a lokacin, mahaifiyarsa ke riƙe masa sarauta. Ita ta sa aka kira Henry Irwin, Baturen Birtaniya mai zanen gine-gine, ya tsara sabuwar fada. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu: wannan karon dutse da ƙarfe aka fi dogara da su. An gama aikin a 1912.

Ginin hawa uku ne na dutse ruwan toka, da ƙubbobin marmara masu jaja-jaja, da hasumiya mai hawa biyar a tsakiya. Bakan gizon ƙofofinsa irin na masallatan daular Mugal ne, ga sassaƙar Hindu, ga salon Turai, duk a jiki ɗaya. Wanda ya shiga zauren ɗaurin aure mai kusurwa takwas, in ya ɗaga kai zai ga rufin gilashi mai launi, da zanen ɗawisu birjik. Daga Gilasgo ta Sikotland aka kawo shi. Da rana ta bugi rufin, sai launukan su zubo a kan daɓen.

A ganina, duk wannan ƙawa tana rufe wani abu. Tun da Turawa suka kashe Tipu Sultan, mai mulkin Maisur a lokacin, a 1799 suka mayar da gidan Wadiyar kan gado, sarakunan Maisur ba su sake riƙe takobi da ikon kansu ba. Da aka ƙwace yaƙi, sai gini da biki suka zama abin nuna isa. A wurinmu ma wannan ba baƙon labari ba ne: kalmar daba da muke cewa hawan daba, daga Indiya Turawa suka kawo mana ita.

A 1947 masarautar ta shige cikin Indiya mai 'yanci. Har yau zuri'ar sarkin na zaune a wani sashe na fadar, kuma duk daren Lahadi da lokacin bikin Dasara na mabiya addinin Hindu ana kunna mata ƙwan lantarki kusan dubu ɗari.