Akwatin Taimakon Gaggawa Don Karen Garke A Hanyar Tamanraset

Duk bafataken da ke kai dabbobi Tamanraset ta ƙasar Aljeriya ya san amfanin kare a garke. Shi ne mai gadin dare, shi ke korar dila, shi ke tona asirin ɓarawo. Malamai kuma sun ce shari'a ta halatta ajiye kare don tsaron dabbobi. To amma sai ka ga mutum ya cika jaka da maganin shanu da na tumaki, na kare kuwa ko oho.

Hanyar nan fa ba wasa ba ce. Daga Agadas ka bi Arlit, ka wuce Asamaka, ka shiga Ingizam, sannan da sauran kimanin kilomita 400 kafin Tamanraset. Idan kare ya ji ciwo a tsakiyar hamada, abin da ke hannunka shi ne asibitinsa har ku isa wurin likitan dabbobi.

ABIN DA ZA A ZUBA

A sami gwangwani mai murfi wanda rairayi ba ya shiga. A sa bandeji, auduga, filasta, almakashi, hantsaki, safar hannu ta roba, sabulu, gishiri, kwalbar Betadine, sirinji marar allura don wanke rauni, da ma'aunin zafin jiki. Zafin jikin kare mai lafiya tsakanin digiri 38 da 39 yake. Sai tsumma mai tsawo na yin takunkumi, don ko karenka ne, in azaba ta ishe shi zai cije ka.

YADDA ZA A YI AIKI DA SU

Rauni: a tafasa ruwa rabin lita, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a wanke. A shafa Betadine da aka sirka da ruwa, a ɗaure. In jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta har ya tsaya. Don Allah a daina zuba baƙin mai a rauni.

Ƙaya da kaska: a kama da hantsaki dab da fata, a ja a hankali. Ban da ƙona kaska da wutar sigari.

Maciji ko kunama: kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A ɗauki karen, kada ya yi tafiya da ƙafarsa, a nemi likita.

Zafin rana: in yana haki babu tsayawa, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai ɗan sanyi. A nan ba a sa takunkumi, don ta haki yake rage zafi.

ABIN DA BA YA SHIGA AKWATIN

Farasitamol da ibufurofen namu ne, suna iya lalata wa kare hanta ko ƙoda. Haka maganin kaska da allurar tsutsa na shanu: awon sa ba awon kare ba ne, kada a gwada sai likita ya faɗi.

Abu na ƙarshe shi ne ciwon haukan kare. Akwai shi a Aljeriya da Nijar da Nijeriya, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. A yi wa kare rigakafi tun kafin a tashi, a ajiye katinsa cikin akwatin. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi asibiti mafi kusa, ko da cizon ɗan kaɗan ne.

'Yan'uwa, kuɗin kayan nan duka bai kai na tunkiya guda da dila zai ɗauke ba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.